Ƙanena na neman miliyan uku don wasan kwaikwayo mai waƙa, in ba shi?

Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Maraɗi. Ƙanena yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo, ya zo mini da maganar su shirya wasa a kan dandamali wanda labarinsa zai riƙa tafiya cikin waƙoƙin zamani da matasa ke yayi, na nan gida da na Kano. Yana neman miliyan uku na sefa, ya ce in an ci riba mu raba. Akwai kuɗi a harkar nan, ko zuba ruwa a rariya zan yi?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi.

Kada ka ba shi miliyan ukun nan yanzu. Kada kuma ka kore shi, don abin da ya hango ba shirme ba ne. Ɗinka labari a jikin waƙoƙin da mutane suka riga suka haddace sana'a ce da ta yi wa wasu arziki. A Landan, wasan Mamma Mia! da aka gina kan waƙoƙin ƙungiyar ABBA ya fara a 1999, ya yi shekara sama da ashirin ana nuna shi. Wasan Fela!, wanda aka shirya da waƙoƙin Fela Kuti, ya hau manyan dandamalin Niyok a 2009, ya iso Legas a 2011. Amma lura da abu ɗaya: a ƙaramin zaure aka fara gwada shi a 2008, sai da aka ga ya karɓu sannan aka zuba masa kuɗi masu nauyi. Mu ma nan ba baƙin dandamali ba ne, duk wanda ya girma da wasannin su Yazi Dogo ya san Bahaushen Nijar na son wasan kwaikwayo. Ko yana son biyan kuɗin shiga, wannan wata magana ce.

To mu yi lissafi irin na shago. Ƙiyasi ne nawa, kai ka sa alƙaluman gaskiya in ka tambayo. A ce zauren na cin mutum 500, tike jika guda, wato sefa 1,000. Ka san halin garinmu: abokan ƴan wasa, dangi, manyan baƙi, ɗan uwan mai gadi, duk kyauta za su shiga. In mutum 300 sun biya, ka gode Allah, jika 300 ke nan. Cire hayar zaure, kayan sauti, injin wuta da mansa don ba a dogara da wutar gari a irin wannan dare, masu tsaro, abincin ƴan wasa da ɗan abin sabulunsu. A ce jika 200 sun tafi, saura 100. Kafin miliyan uku su dawo sai an yi dare 30 zaure yana cika haka. Wasa ɗaya ba zai samu dare 30 a Maraɗi ba, ko an haɗa da Tasawa da Madarunfa da Dakoro, balle ga kuɗin mota.

Inda na fi son ka tsaya ka natsu shi ne maganar waƙoƙin. Ƙanenka yana lissafa su kamar ruwan gulbi, kowa ya ɗiba. Ba haka ba ne. Kowace waƙa tana da mai ita, sau da yawa ma masu ita: wanda ya tsara baitoci, wanda ya yi kiɗa, da wanda ya biya kuɗin ɗauka a situdiyo. A ƙasar nan hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawallafa, kuma mai shirya taron da za a sa waƙa a karɓi kuɗi ya kamata ya bi ta wajenta. Sai dai sa waƙa a lasifika daban, ɗaukar ta a cusa cikin labari a sauya mata baiti don ta dace da bakin jaruma daban. Na biyun sai da yardar mai waƙar shi kansa, a rubuce. Kada kuma a ce ai na Kano ne, ba zai sani ba. Nijar da Najeriya duk sun sa hannu a yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mawallafa, kuma ko ba kotu, ranar da kuka ɗora bidiyon a YouTube, in an yi wa waƙar rajista, za a iya toshe shi ko a karkatar da kuɗin tallan zuwa aljihun mai ita. Ka ga ka yi noma a gonar aro, mai gona ya zo ranar girbi.

Shi ya sa ni a ganina, a bar manyan waƙoƙin Kano tukuna. A nemi mawaƙa biyu ko uku na nan jihar waɗanda matasa suka sani, a zauna da su. A ɗauki waƙoƙinsu da suka yi tashe, kamar huɗu, su kuma tsara sababbi biyu ko uku musamman don wasan, waɗanda ku za ku biya kuɗin ɗaukar su. Waɗannan sababbin su ne hajarka ta gaskiya, don su za su rage a hannu bayan an kashe fitilu an naɗe tabarmi. Maimakon a biya mawaƙi dunƙulen kuɗi tun farko, a ba shi ɗan kafin alƙalami da kaso daga abin da ƙofa ta kawo. Hakan zai sa shi da kansa ya tallata wasan a wayoyin masoyansa. Takardar ta faɗi waƙa kaza, na tsawon wata kaza, a garuruwa kaza, da bidiyo ko ba bidiyo, da shaidu biyu.

Takarda ta biyu tsakaninka da ƙanenka ce. Na san za a ce ɗan uwa ne, ana jin nauyi. Ai don zumuncin ne ma za a rubuta. Kuɗin nan bashi ne, ko jari ne da za a raba riba da asara, ko kyauta? Ku faɗa tun yau, gaban babba a gida. In jari ne, a cire uwar kuɗi kafin a fara rabon riba, kuma yaronka na shago ya zauna a ƙofa da tikiti masu lamba.

Akwai wata riba da ƙanenka bai ambata ba, ita ce ta fi kusa da kai. Kai mai atamfa ne. Ba da suturar ƴan wasa daga shagonka, a farashin da ka saro, a ambaci shagon a fosta da sanarwar rediyo. In jaruma ta fito da zanen da ya burge mata, washegari za a zo neman sa don anko. Kamfanonin waya da na aika kuɗi ma kan ɗauki nauyin taron matasa, amma ba sa sayen labari a baki, sai an nuna musu bidiyo da hoton zaure cike.

Kada a manta nan Maraɗi ce. Manya na tuna tarzomar da aka yi a garin nan a 2000 kan bikin nuna tufafi na FIMA, alhali ba ma a nan aka shirya shi ba. A kula da shiga, a kula da rawa, a sanar da hukuma a samu izini, kuma a tashi da wuri yadda magidanci zai iya zuwa da iyalinsa. Lokaci kuwa, kwanakin sallah ko bayan kaka da kuɗi ke hannun mutane. Ban da azumi, ban da tsakiyar damina in fili ne buɗaɗɗe, kuma kada ku yi karo da kokowar takobi.

Saboda haka ware abin da in ya salwanta ba zai hana ka sarin kayan sallah ba, a ce jika 400. Kada a sayi lasifika ko ɗaya, a yi haya. Su shirya wasa na minti 45, a nuna dare biyu, ɗaya ga ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗaya a gidan matasa. A ɗauki bidiyo mai kyau. Ka zauna can baya ka ƙirga mutum nawa suka biya da kuɗinsu, nawa suka tashi kafin a gama, kuma wace waƙa ce zaure ya amsa. Turo mini waɗannan alƙaluma da takardun mawaƙan, sai mu duba maganar sauran kuɗin.