Kar a ɗaga soja mai karaya sai an ɗaure ƙafar

Yaro, kana tambaya in harsashi ya karya wa soja cinya a ramin yaƙi, fitar da sojan daga ramin za a fara yi ko ɗaure ƙafar. Da wani ne da na ce ya koma aji, amma ka fama mini tsohon miki.

A watan Oktoba na 1992, da 'yan tawayen Charles Taylor suka auka wa Monrobiya, babban birnin Laberiya, ina cikin sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Ruwa a raminmu har ƙwauri. Aka harbi wani kofur a cinyar hagu. Na duba, jinin ba ya tsartuwa, yana magana garau, har ya roƙe ni ruwan sha. Na ce wa mutum biyu kar wanda ya taɓa shi, zan ɗauko katako. Ko minti biyar ban yi ba. Ina dawowa na tarar wani ƙaramin hafsa ya ba da oda, sun naɗe shi a bargo suna ja. Shi kuwa rami a karkace ake haƙa shi saboda ɓarɓashin bam, sitireca ma da kyar take shan kwana. A kwana ta biyu ƙafar ta lanƙwashe, tsinin ƙashin ya yanke babbar jijiya. Ina riƙe da cinyar tana kumbura a hannuna kamar tulu. Kafin mota ta iso ya cika. Hafsan nan ya ci gaba da samun ƙarin girma, ni ne har yau nake jin muryar kofur yana neman ruwa.

Tun 1916 sojojin Ingila suka san wannan, lokacin da likitan ƙashi Robert Jones ya sa aka kai ƙarfen ɗorin Thomas, mai riƙe karyayyiyar ƙafa a miƙe, bakin daga a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu karayar cinya suka daina mutuwa a hanya kamar da.

In jini na tsartuwa, ɗaure sama da raunin, ka rubuta lokacin a goshinsa. Sannan katako daga hamata har idon sawu. In babu, haɗa ta da lafiyayyar ƙafar ka ɗaure. Wanke rauni da naɗa bandeji ba zan ɓata bakina ba.

Ku yaran yanzu kun ga bidiyo biyu a waya kun zama likitoci, kullum sauri. Gobe da asuba ka zo da bargo da abokinka mai ƙiba, ka ɗauke shi a kwalbatin bayan bariki ina kallo.