Shin Malcolm X kiran yaƙi ya yi?

Malam, ka tambaya ko jawabin "ƙuri'a ko harsashi" da Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata na Amurka, ya yi a birnin Cleveland a Afrilun 1964 kiran ɗaukar makami ne. A ganina ƙuri'ar ce zuciyar maganar, harsashin kuwa jan kunne ne. Shekarar zaɓe ce, sanatocin jihohin kudancin ƙasar kuma sun yi kememe sun tare dokar 'yancin baƙaƙen fata a majalisa. Sai ya nuna wa jama'arsa yadda suka fifita 'yan Dimokurat, su kuma suka jefa su baya. Misalinsa da ya fi kama ni: a zaunar da kai a teburi, kowa na ci, farantinka wayam, sannan a ce kai ma ka ci!