Ƙwan fitilar mota mai wat 100: haske zai ƙaru ko waya za ta ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san waya da kwamfuta ka fi taɓawa, amma lantarki ai duk lantarki ne. Ina da tsohuwar Corolla, kusan kullum sai bayan isha'i nake baro Wudil zuwa gida, kuma fitilar ta koma kamar aci-balbal. Wani mai shago a Ƙofar Ruwa ya ce in cire ƙwan H4 da ke ciki in sa mai wat 100, wai zan ga titi kamar rana. In saya? Daga mai karatu a Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna.

Ƙwan H4 da kamfani ke sa wa mota, a jikinsa za ka ga an rubuta 60/55. Wato dogon haske yana cin wat 60, gajere yana cin 55. Wanda ake so a sayar maka 100/90 ne. Ka raba wat da ƙarfin batirin mota, bolt 12, sai ka ga yawan wutar da za ta bi waya: mai 60 yana jan amfiya 5, mai 100 yana jan sama da 8. Fitilun kuma biyu ne, ka ga an tashi daga 10 an koma kusan 17. Wayoyin, da soket ɗin, da makunnin da ke jikin sitiyari, duk don nauyin farko aka yi su. Kamar ka jona hita ne a siririyar wayar da aka yi don cajar waya.

Na taɓa tsayawa a kan wani rewaya yana ciro soket daga motar da aka yi wa wannan aikin. Robar ta narke ta yi launin ƙasa, ta manne da ƙafafun ƙwan, sai da ya sa filaya. Tun kafin a buɗe bonet ake jin ƙauri. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne fiyus: da ya riƙa yankewa, sai aka cire shi aka ɗaura zaren waya a gurbinsa. Fiyus ɗin nan shi ne mai gadin motar, an sallame shi, saura gobara. Ga kuma zafin ƙwan yana cinye ƙyallin madubin da ke cikin fitilar, ya dusashe, a ƙarshe hasken ya kasa na da.

Ni a ganina motarka ba ƙarin wat take nema ba, hasken da take da shi ne yake zubewa a hanya. Fara da fuskar fitilar. Idan ta roba ce, ranar Kano ta riga ta mayar da ita rawaya, ƙurar hunturu kuma ta kankare ta, musamman in yara masu goge mota a danja suna dirza ta da busasshen tsumma. A goge ta da man goge fitila a shafa mata abin kariya. Man goge baki ma yana ɗan yi, sai dai ba ya daɗewa.

Daga nan ka sa rewaya ya ɗauko mitar auna wuta. A tada mota, a kunna fitila, a auna batir, zai nuna wajen bolt 14, sannan a auna bakin soket. In bambancin ya wuce rabin bolt, wuta na ɓacewa a tsofaffin wayoyi ko a wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin mota, in ta yi tsatsa. Ƙwan halojin, wato irin H4 ɗin nan, ba ya yafe wannan: wuta ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haske ya ragu da kusan kashi 30. Maganinsa a sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, da waya mai kauri kai tsaye daga batir, da nata fiyus, makunnin sitiyari ya zama umarni kawai yake bayarwa. Da ƙwanka na 60/55 ɗin nan za ka sha mamaki.

In har yanzu bai ishe ka ba, akwai ƙwayaye irin Osram Night Breaker da Philips X-tremeVision, wat ɗinsu daidai da na kamfani amma sun fi haske. Aibinsu saurin mutuwa, kuma jabu sun yi yawa. Wajen sawa kada a taɓa gilashin da hannu, maiƙon yatsa na kashe shi da wuri.

Tambaya: To fararen ƙwayayen LED da ake yayi fa? Daga mai karatu a Rijiyar Zaki.

Amsa: Ba sa cin wuta da yawa, wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce madubin fitilarka an ƙera shi ne daidai da inda zaren ƙwan halojin yake zaune. In LED ɗin bai zauna daidai wurin ba, sai hasken ya tarwatse sama, kai kana ganin fari fat a gabanka, ɗan adaidaita sahun da ke tahowa a titin Gwarzo kuma ya makance na ɗan lokaci, kuma kai yake fuskanta. In ka riga ka sa, ka faka a fili mai daidai, mita 10 daga bango, ka kunna gajeren haske. Ya kamata ka ga layi a yanke sarai, ƙasa da tsayin fitilar da kamar santimita 10. In ka ga haske ya watsu har saman bango ba iyaka, mayar da tsohon ƙwanka.