Tambaya da Amsa: Wa Doka Ta Yarda Ya Riƙe Bindiga a Jihohin Amurka?

Wasiƙun wannan fitowar sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, kuma dukkansu a kan bindiga suke. Abin da za a fara riƙewa shi ne ƙasar ba ta da dokar bindiga guda ɗaya. Akwai ta gwamnatin tarayya, sannan kowace jiha cikin hamsin ɗin tana da tata.

Ni ɗalibi ne a Teksas, da bizar karatu na shigo. Abokaina sun ce a nan kowa na iya yawo da ƙaramar bindiga ba lasisi. Har da ni?

Ɗan'uwa, ban da kai. Gaskiya ne tun 1 ga Satumba 2021 Teksas ta yarda wanda ya kai shekara 21 ya ɗauki ƙaramar bindiga ba lasisi, amma da sharaɗin kada wata doka ta riga ta haramta masa mallakarta. Kai kuwa dokar tarayya ta haramta maka. Duk wanda ya shigo da bizar wucin gadi, ta karatu ce, ta ziyara ko ta aiki, ba shi da ikon riƙe bindiga ko harsashi. Wanda ba shi da takardun zama kwata-kwata ma haka. Hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 15, ga kora daga ƙasar a bayansa. Ko hayar bindiga a filin koyon harbi na awa ɗaya ana lissafa shi a matsayin riƙewa, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke shiga tarko ba su sani ba.

Akwai 'yar ƙofa: mai bizar wucin gadi da ke da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha ya fita daga haramcin. Sai dai lasisin farauta na Teksas yana ƙarewa ne ranar 31 ga Agusta kowace shekara, kuma ranar da ya ƙare, bindigar da ke ɗakinka ta zama laifi. Ba mu ba ka shawarar ka jingina karatunka da wannan ƙofa ba tare da ka zauna da lauyan harkar shige da fice ba.

Mai katin zama na dindindin shi doka ta yarda ya saya. Zai je wurin dila mai lasisin tarayya, ya nuna katin shaidarsa, ya cike fom mai lamba 4473, dilan ya tura sunansa ga na'urar bincike ta hukumar FBI wadda ta fara aiki a 1998. A dokar tarayya, ƙaramar bindiga sai ɗan shekara 21, doguwa kuma daga 18. Ƙarya a kan wannan fom laifi ne mai zaman kansa, haka ma sayo wa wani da sunanka. Idan aboki ya ce saya mini ta hannunka, ka ƙi, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Direban babbar mota ne ni, ina da katin zama da lasisin ɗaukar bindiga na jihar Jojiya. Ina kai kaya har New Jersey da Niyok. Zan iya tafiya da ita?

Malam, ka bar ta a gida duk ranar da za ka waɗannan jihohi biyu. Lasisin bindiga ba kamar lasisin tuƙi yake ba, wanda ko'ina ka je ana karɓa. Kowace jiha ita ke zaɓen lasisin jihohin da za ta amince da su, kuma Niyok da New Jersey ba sa karɓar na kowa. A New Jersey, wanda aka kama da ƙaramar bindiga ba izinin jihar yana fuskantar wata 42 a kurkuku kafin a yi maganar sassauci. A Niyok, idan da harsashi a cikinta, mafi ƙarancin hukunci shekara uku da rabi ne. Ga mai katin zama kuma, laifin bindiga yana cikin abubuwan da ake korar mutum a kansu.

Direbobi kan dogara da wata dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi damar ratsa jiha da bindigarsa. Dokar tana nan, amma sharuɗɗanta suna da tsauri. Dole riƙe bindigar ya halatta gare ka a inda ka taso da kuma inda za ka sauka. A cire harsashi duka. A ajiye ta inda hannu ba zai kai ba daga wurin zama, wato cikin but. Motar da ba ta da but, kamar taka, sai a akwati mai kulle, kuma aljihun gaban mota ba ya cikin lissafi. Matsalarka ita ce sharaɗin farko: idan a Newark za ka sauke kaya, New Jersey ce zangonka, ba ratsawa kake yi ba, don haka dokar ba ta kāre ka. Ko masu ratsawar ma sun sha wuya. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta taɓa yanke cewa matafiyin da jirgi ya bari a Newark, ya ɗauki jakarsa mai bindiga ya kwana a otal, ya fita daga kariyar.

Ka lura da gidan harsashi ma. Niyok da New Jersey da Kalifoniya sun hana wanda ke cin fiye da harsashi 10, alhali da yawa daga ƙananan bindigogin da ake sayarwa a Jojiya da mai cin 15 ko 17 suke zuwa. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai a Michigan ko North Carolina kana ɗauke da ita, wajibi ne ka faɗa masa tun kafin ya tambaya, hannayenka a kan sitiyari. Ka kuma duba takardar aikinka, don kamfanonin sufuri da yawa sun hana bindiga a motocinsu ko da doka ta yarda.

Idan kundin tsarin mulki ya ba kowa wannan 'yanci, me ya sa jihohi suka sha bamban haka?

Gyara na Biyu na 1791 ne ya kafa 'yancin, amma sai a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa haƙƙin mutum ne ya ajiye bindiga a gidansa, a 2010 kuma ta ce hukuncin ya hau kan jihohi. A Yunin 2022, a shari'ar Bruen, alƙalai shida cikin tara suka soke ƙa'idar Niyok ta cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisin fita da bindiga. Kotun ba ta hana jihohi neman lasisi ba. Shi ya sa Niyok ta koma ta sa sharaɗin horo na awa 16 a aji da awa 2 na harbi, ta kuma hana bindiga a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da dandalin Times Square, yayin da jihohin da ba sa wajabta lasisi suka kai 29 zuwa 2024. Vermont ita dama ba ta taɓa nema ba.

Ko a jihar da ba a neman lasisi, mu muna ganin yin sa ya fi. Dokar tarayya ta 1990 ta hana kusantar makaranta da bindiga tsakanin ƙafa 1,000, sai ga mai lasisin jihar da makarantar take. A cikin gari da wuya ka yi tuƙin minti goma ba ka ratsa irin wannan da'ira ba. Gidan waya da ofisoshin tarayya kuwa, lasisi ko babu, ba a shiga da ita.

Mijin ƙanwata a Fulorida yana da bindiga, kuma ya fara yi mata barazana. Akwai hanyar karɓe ta?

Hajiya, akwai, kuma kada a jira. Idan barazanar ta yanzu ce, ta fita daga gidan ta kira 911. Bayan kisan da aka yi a makarantar Parkland a 2018, Fulorida ta yi dokar da ke ba alƙali ikon karɓe bindigar wanda ya zama haɗari. A wannan jiha 'yan sanda kaɗai ke shigar da buƙatar, don haka sai ta kai musu ƙara da hujja: saƙonnin waya, hotunan rauni, sunayen shaidu, da ranakun da abin ya faru. Alƙali na iya ba da umarnin gaggawa, a zauna sauraro cikin kwana 14, kuma umarnin na iya kaiwa wata 12.

Hanya ta biyu ita da kanta za ta bi: ta nemi umarnin kariya daga cin zarafin gida a kotun gundumarsu. Idan aka ba ta bayan an saurari mijin, dokar tarayya ta haramta masa riƙe bindiga muddin umarnin yana aiki, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 2024 da rinjayen alƙalai takwas. Kada ta yi ƙoƙarin ɗauke bindigar da hannunta, kada kuma ta sanar da shi za ta je kotu. Kwanakin da ke tsakanin kai ƙara da miƙa makamin su ne mafi haɗari, don haka ta kwana a wani wurin da bai sani ba har 'yan sanda su tabbatar mata sun karɓa.