Amsoshin tambayoyinku: garin sitem-sel, dashen ɓargo da allurar gwiwa

Assalamu alaikum. Mahaifina ya daɗe da ciwon suga, yanzu likita ya ce ƙodarsa ta fara taɓuwa. Wani abokin aikina yana sayar da wani gari a 'yan ƙananan ledoji, ana zubawa a ƙarƙashin harshe. Ya ce sitem-sel ne, yana sabunta duk abin da ya lalace a jiki, kuma da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikinsa. Kwali ɗaya ya kusa rabin albashina, ya ce sai Baba ya sha shida. In saya? Daga wani ɗan'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Kada ka saya.

Sitem-sel ƙwayoyin halitta ne masu rai, waɗanda daga cikinsu wasu ƙwayoyin ke fitowa. Na cikin ɓargonka, alal misali, su ke haifar maka da sabon jini kullum. Da yake masu rai ne, asibitin da zai ajiye su sai ya daskarar da su cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Busasshen garin da ya wuni cikin jaka a zafin watan Afrilu ba shi da ko ƙwaya ɗaya mai rai. Karɓi kwalin ka karanta bayansa, galibi za ka tarar an rubuta tuffa ko inabi. Abin da aka tatso daga tuffa in ya shiga ciki narkewa yake yi kamar kowane abinci, ba shi da hanyar zama ƙodar mutum.

Lambar NAFDAC a irin waɗannan kaya tana nufin an yi musu rajista a matsayin ƙarin abinci. Ba shaida ba ce cewa suna warkar da wata cuta. Abokinka ma wataƙila da zuciya ɗaya yake magana, domin shi ma da kuɗinsa ya saya, kuma ribarsa tana ga yawan mutanen da ya jawo. Kada ku ɓata, ka dai ce masa a'a.

Asarar kuɗin ba ita ta fi tayar min da hankali ba. Sau da yawa mai sayarwa kan ce a ajiye maganin asibiti a ba garin dama ya yi aiki, kuma ga mai suga da ƙoda ta fara rauni, 'yan watannin nan na iya kai shi ga wankin ƙoda. Kuɗin kwali ɗaya ya isa ka sayi na'urar gwada suga ta gida da ta awon hawan jini, a yi wa Baba gwajin ƙoda da na fitsari, a duba idonsa da ƙafafunsa. Ka kuma tambayi likitansa ko yana kan magungunan da ke kare ƙodar masu suga, don akwai su.

Ana binciken gaske a kan suga, kada ka ɗauka babu. A 2025 aka wallafa sakamakon wani gwaji na mutum 12 da aka ɗura wa ƙwayoyin da ke samar da insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini) ta jijiyar hanta, 10 daga cikinsu suka daina yin allura bayan shekara guda. Sai dai masu suga nau'i na ɗaya ne, wanda yawanci ke kama yara da matasa, kuma dole suka zauna kan magungunan danne garkuwar jiki. Har yanzu gwaji ne, bai shigo kasuwa ba.

Ina da 'ya'ya huɗu, ta biyun mai shekara 8 tana da sikila. Bana sau uku ana kwantar da mu, an ƙara mata jini sau biyu. Wani dillalin kai marasa lafiya Indiya ya ce dashen ɓargo zai raba ta da ciwon kwata-kwata. Maigidana yana shirin sayar da filinsa. Gaskiya ne, ko yaudara ce? Daga wata uwa a Gusau.

Hajiya, sannu da jinya. Uwar mai sikila ita ta san daren da ba ya wayewa, Allah ya ba ki lada.

Wannan kam gaskiya ne. Dashen ɓargo shi ne maganin sitem-sel da ya fi daɗewa da tabbata. Likitan da ya share fagensa, Donnall Thomas na Amurka, ya samu kyautar Nobel a 1990. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya da aka yi wa dashen saboda kansar jini, sai sikilar da take da ita ma ta tafi. A Najeriya an fara yi wa mai sikila a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, kuma a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya soma nasa tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya. Idan yaro ƙarami ne kuma ɓargon ya fito daga ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya wanda suka dace sosai, fiye da tara cikin goma suna rabuwa da ciwon.

To amma wannan dacewar ita ce maganar duka, kuma na lura dillalin bai ambace ta ba. Ba rukunin jini ake nufi ba, wani gwaji ne daban da ake kira HLA. Kowane ɗaya daga cikin 'ya'yanki uku yana da damar ɗaya cikin huɗu ya dace da ita. Wanda yake AS zai iya bayarwa, mai SS ne ba zai iya ba. Idan babu wanda ya dace, wasu asibitoci suna ɗauka daga uwa ko uba, amma a nan haɗarin jiki ya ƙi karɓa ya fi yawa. Saboda haka kafin a kira mai sayen fili, a fara yin wannan gwajin. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da na dashen, kuma shi zai faɗa muku ko akwai tafiya ko babu.

Ki kuma san abin da za ta shiga. Sai an ba ta magunguna masu ƙarfi irin na masu kansa an kashe ɓargonta, sannan a ɗura mata sabon ta jijiya. Za ta yi makonni a keɓe a ɗaki ɗaya ba ta da garkuwa, ƙaramar cuta na iya zama babba. Gashinta zai zube. Sabon ɓargon yana iya juyowa ya yaƙi fatarta da hantarta da hanjinta. Akwai yaran da ke rasuwa a hanya, ba su da yawa amma akwai. Magungunan kuma suna iya hana ta haihuwa nan gaba, wannan kuwa magana ce da ya kamata ke da mahaifinta ku zauna ku yi ta tun yanzu. Ko ta warke, 'ya'yan da za ta haifa za su gaji S daga gare ta, don haka gwajin jini kafin aure yana nan a kanta.

Kuɗi gomomin miliyoyin naira ne, kuma abin da dillali ke faɗa yawanci na aikin ne kawai. Ku nemi a rubuto muku a takardar asibitin: gwaje-gwaje, masauki na aƙalla wata uku kusa da asibiti, magungunan watannin da ke biye, da abin da za a caje ku idan aka samu matsala ta shiga ɗakin kulawa ta musamman. Ku tambayi yara masu sikila nawa suka yi wa, nawa suka warke, nawa suka rasu. Asibitin kirki zai amsa. Kuɗi kuma asusun asibiti za su shiga, kada su bi ta hannun kowa. Sannan wane likita zai ci gaba da duba ta in kun dawo Gusau? A san shi tun kafin a tashi.

Zuwa da kai ya fi aike: ku ɗauke ta ku je wurin likitan jini a asibitin koyarwa, Sakkwato ko Zariya ko Kano, shi zai ce ko yanayinta ya kai a yi dashe. Ba ki faɗa min ko tana shan hydroxyurea ba. Idan ba ta sha, daga nan za a fara, domin yana rage tashin ciwon da yawan ƙarin jini, kuma kuɗinsa bai kai a sayar da fili ba. A Kano aka yi binciken da ya nuna yana taimakawa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, tare da likitocin Asibitin Malam Aminu Kano. Ku nemi a yi mata hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD duk shekara, a kula da zazzaɓin cizon sauro, a cika mata allurai na rigakafi.

Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 61, gwiwoyina sun hana ni sujada sai a kan kujera. An yi min tayin wani asibiti a ƙasar waje inda za su ɗebi kitsen cikina su tace su yi min allura a gwiwa, guringuntsin ya sake tsirowa. Ina da halin biya. Daga Alhaji M., Kano.

Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya. An gwada wannan ɗin sosai. A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka da ya haɗa mutum 480 masu amosanin gwiwa. Wasu aka yi musu allurar ƙwayoyin ɓargo, wasu na kitse, wasu na cibiyar jarirai, wasu kuma allurar rage kumburi da ake yi a kowane asibitin ƙashi. Bayan shekara guda, masu tsadar ba su fi mai arahar sauƙi ba.

A gwiwa galibi kuɗi ne ke tafiya. Idan irin wannan asibitin ya ce zai yi a ido ko a laka, nan kam a gudu. A jihar Fulorida mata uku aka yi wa allurar ƙwayoyin kitse a idanu a 2015, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Duk inda ka ga allura ɗaya ana cewa tana maganin gwiwa da suga da shanyewar jiki da tsufa, ciniki ake yi.

Tunda Allah ya hore maka, ga likita a asibitin ƙashi na Dala a ɗauki hoto. Rage ƙiba da atisayen ƙarfafa cinya suna sauƙaƙa ciwon sosai, in kuma gwiwar ta cinye, canjin gwiwa aiki ne da aka daɗe ana yi, yana kai mafi yawan mutane shekara 15 zuwa 20.

Na ji a rediyo an gano maganin sikila ba tare da neman ɓargon wani ba. Yaushe zai zo mana? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

Malam, ka ji daidai. Sunansa Casgevy, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo a Disamba. Ana ɗebar sitem-sel ɗin mai ciwon, a gyara su a ɗakin bincike, a mayar masa, kuma shi ma sai an kashe tsohon ɓargon da magunguna masu ƙarfi. Farashinsa dalar Amurka miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ban da kuɗin kwanciya, kuma manyan asibitoci ƙalilan ne aka ba izinin yin sa. Duk wanda ya ce zai samo maka shi a Maraɗi ko Kano, ko ya aiko maka ta mota, kada ka ba shi ko dala.