Amsa ga ƙanena mai burin zama mai cafe ƙwallo a jami'ar Amurka

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci cewa kana ajin ƙarshe na sakandare a Kaduna, kana cinye mita 100 cikin daƙiƙa 11, sannan bidiyon wasannin ƙwallon Amurka da kake kallo ya sa kana tunanin gudun nan naka zai samo maka guraben karatu kyauta a matsayin mai cafe ƙwallo na gefe, wanda a nan ake kira risiba. Shekarata tara a jihar Ohayo, huɗu daga cikinsu ina koya wa 'yan wasan wata jami'a lissafi da yamma, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Gudu shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema wurin risiba. Aikinsa shi ne ya bi wata hanya da aka zana masa tun kafin a fara, ya yi yadi goma sha biyu misali, ya taka birki, ya karkata ciki, ya tarar da ƙwallon da mai jifa ya saki tun kafin shi ya waiwayo, alhali wani ƙato na tafe a guje don ya maka shi da ƙasa. Hanyoyin nan da sunayensu suna cikin kundin dabarun ƙungiya, wanda ake haddacewa kamar karatun allo. Akwai wani ɗalibina da ke zuwa darasi da yatsu biyu ɗaure da filasta, yana riƙe biro da ƙyar, domin kullum bayan atisaye sai ya tsaya gaban injin da ke harbo ƙwallo ya cafe ɗari. Tun yana ɗan shekara bakwai yake wannan wasa, amma shekararsa ta farko a jami'a gaba ɗaya a benci ya yi ta.

Ka dubi DeVonta Smith na Jami'ar Alabama, wanda aka yi ta cewa ya cika rama. A kakar 2020 ya cafe ƙwallo 117, ya ci yadi 1,856, ya kai ƙwallo gida sau 23, ya kuma lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, wadda a lokacin rabon da wani risiba ya ɗauke ta tun Desmond Howard a 1991. Hannu da iya taku ne suka kai shi nan. Na san za ka kawo mini misalin Nelson Agholor, haifaffen Legas da ya buga wa Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ƙungiyar ƙwararru ta Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2015. To, yana ɗan shekara biyar iyayensa suka kawo shi Amurka, a Tampa ya tashi, a can ya yi wasan sakandare inda masu farautar 'yan wasa suka gan shi. Wanda ya fi kama da kai shi ne Christian Okoye, mutumin Inugu, da ya zo Jami'ar Azusa Pacific a 1982 don wasan jifan faifai, ya fara ƙwallon a 1984, Kansas City Chiefs suka ɗauke shi a 1987. Sai dai shi mai ɗaukar ƙwallo ne yana kutsawa da ƙarfin ƙirji, aikin da ya fi sauƙin koyo da girma. Haka ma matasan da Osi Umenyiora, tsohon ƙwararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, ke zaƙulowa daga Afirka, galibinsu ƙarti ne masu tsayuwa a sahun gaba.

Sai maganar takardu, wadda kai ba ka tambaya ba amma ita ce ƙofa. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i tana da cibiyar tantance ɗalibai, kuma sai ka yi rajista da ita, ka aika sakamakon sakandare da na WAEC, su tabbatar da darussanka kafin a bar ka ka buga a rukunin farko, wato na manyan ƙungiyoyin jami'o'i. Koci ba ya ba da gurbi a kan labari, bidiyon wasan gaske yake nema, abin da ba ka da shi. Batun kuɗi kuwa, tun Yulin 2021 an halatta wa 'yan wasa cin moriyar sunansu da hotonsu ta hanyar talla, amma mai bizar karatu ta F-1 hannunsa a ɗaure yake, domin aikin da aka yarje masa a ƙa'ida shi ne na cikin harabar makaranta, awa 20 a mako. Shiga gasar ƙwararru ta NFL kuma, zagaye bakwai ne kacal ake yi a zaɓen shekara, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai, kuma waɗanda ke kaiwa ba su cika biyu cikin ɗari na 'yan wasan jami'a ba. Ɗalibin nan nawa jijiyar gwiwarsa ta tsinke a shekara ta uku, yanzu akanta ne a wani kamfanin inshora, kuma digirin da ya kammala ne ya rufa masa asiri.

Shawarata ita ce ka riƙe tseren da ka riga ka iya, domin shi agogo ne shaidarsa, koci a nan zai iya duba lokacinka ba tare da ya gan ka ba. Ka shiga gasannin Hukumar Wasannin Guje-guje ta Najeriya inda ake auna lokaci da na'ura, ka yi ƙoƙarin sauko da shi ƙasa da daƙiƙa goma da rabi, tun da 11 ba za ta ɗaga hankalin kowa ba a rukunin farko. Idan Allah ya sa ka shigo ta wannan hanya, ko ta ƙananan kwalejojin shekara biyu, za ka iya zuwa gwajin da ƙungiyar ƙwallo ke yi wa ɗaliban da ba ta gayyata ba. Kafin nan ka turo mini sakamakonka na lissafi da Turanci in duba, ka kuma gaishe mini da su Baba da Inna.