Sarin Dankali a Kasuwar Tsauni Ranar Juma'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina sayar da dankalin Turawa a 'Yankaba nan Kano. Ina so in fara zuwa Mangu ta jihar Filato in saro da kaina, sai dai kasuwar ranar Juma'a take ci. Zan tashi Alhamis, in dawo Asabar. Yaya hukuncin sallata da cinikina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tafiyarka ta zarce mil 48 nesa ba kusa ba, saboda haka kasaru sunna ce a kanka. Da zarar ka bar gidajen ƙarshe na Kano sai ka fara: Azahar, La'asar da Isha raka'a bibbiyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Tunda ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, kana kan kasarunka har ka dawo.

Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, amma in ka halarta ta isar maka, kuma haka na fi so maka.

Inda 'yan sari suke rufta shi ne ciniki. Allah ya yi umarni a bar saye da sayarwa idan an kira sallah, a Suratul Jumu'a aya ta 9, wato kiran da ake yi bayan liman ya hau mumbari. A wurin malamanmu na Malikiyya, cinikin da aka ƙulla daga nan har a sallame warware shi ake yi, ko da mutum ɗaya ne cikinku Juma'a ta hau kansa. Kai matafiyi ne, amma dillalin da ke gabanka in Musulmi ne mazaunin garin, ta hau kansa. Sai a mayar da kaya a karɓi kuɗi. In kayan sun riga sun fita hannu, a biya ƙimarsu ta lokacin da aka karɓa. Don haka ka gama ciniki da biya tun da hantsi, ko ka jira a idar.

Kada ka tare manoma a hanya kafin su iso kasuwa su ji farashi, Annabi (SAW) ya hana. Ka sa a zazzage buhu ka ga na ƙasa. In an ɓoye maka ruɓaɓɓe, kana da damar mayarwa.

Sanyin tsauni kuwa ba ya halatta taimama matuƙar za ka iya ɗumama ruwa.

Allah ne mafi sani.